Abin da Ya Ci Idona na Hagu

Utaibiyya, Makka.

Zuwa ga ɗana Basiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Jidda lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Ummanku ce za ta sa wannan takarda a jakarka, ƙarƙashin kilishin da na yi maka, don na san nan hannunka zai fara zuwa.

Na san karatun Hausa yana ba ka wahala, kai da Larabci ya cinye maka baki. Ka bi ta a hankali, ba tsere ake yi ba. Da zan iya, da na zaunar da kai na faɗa maka baki da baki. Amma ka san halina. Sau uku na kira ka a makon nan, kana zuwa ka tsuguna sai maganar ta maƙale, in ce ka miƙo mini carbi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Talata da safe muna karyawa da ful da tamis, ka ɗauki buta za ka zuba mini shayi, sai ka zuba a faranti, gefen kofi. Ka yi dariya ka ce barci ne bai sake ka ba. Can kuma na ga ka kai hannu har sau biyu kana korar ƙuda ta gefen fuskarka na dama, alhali ɗakin Ummanku ƙuda ba ya samun wurin zama. Da na tambaye ka, ka ce, "Ma fi shai ya Baba, ba komai, wallahi lafiyata lau." A ranar kwananka huɗu da dawowa daga nadi, wurin horonku na dambe, da kumburi a girar dama. Basiru, wani abu ya taɓa idonka, kuma kana ɓoyewa ne saboda dambenka na farko na kuɗi saura mako uku. Na gane, domin ni ma na taɓa korar irin wannan ƙudan.

Kun tashi kun ga idona na hagu ba ya gani, kuma abin da kuka sani shi ne siminti ya faɗa ciki lokacin da nake leburanci a Aziziyya. Ƙarya ce. A mace na zo da shi daga gida. Dambe ne ya ci shi, ko kuma in ce wautata ce ta ci shi, dambe ya taya ta.

Mu gidan mahauta ne a ƙauyenmu na ƙasar Zamfara, kuma a can ɗan mahauci da dambe yake tashi kamar yadda yake tashi da wuƙa. Ba irin naku na boksin mai safar hannu ba. Hannu ɗaya ake naɗe wa igiya, ita muke kira kara, har ya koma kamar taɓarya. Wannan shi ne mashi. Ɗayan kuma a bar shi a buɗe, a miƙe shi gaba don tsare fuska, shi ne garkuwa. In ka kai abokin karawarka ƙasa, an ce ka kashe shi, ko da zai tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi gida. Ni kuwa Allah Ya ba ni hannu. Kafin gemu ya fito mini an san ni a kasuwannin yankin, ana kirana Guduma, kuma ina da takena da makaɗa ke bugawa a kalangu. Kada ka yi dariya, wannan tsohon mai tumbi da kake gani yana fiɗar tumaki a Ka'akiyya ya taɓa sa 'yan mata guɗa.

Guɗar ce ta fara lalata ni. Na lura in na sauke garkuwata na dafa cinya da ita, na miƙa wa mutum fuskata kamar ina cewa bismillah, fage yakan ruɗe da ihu. Sai na mayar da abin ɗabi'a. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, yakan tare ni in mun dawo, ya ce, "Isa, ɗaga hannun ga. Masu yi maka ihu ba su ka shan bugun ba." In ce to Baba, in koma in yi abin da na saba. Na ga dambenka a wayar yayarka Hadiza, kuma na ga kana sauke hannunka bayan ka kai naushi, kana ɗan girgiza kai don 'yan kallo. Ban koya maka ba, amma ga shi ka gado. Ka daina. In kocinka ya ce ka ɗaga hannu, ka ɗaga har kafaɗarka ta yi ciwo.

Wata kaka, bayan an gama girbi, aka yi dambe a kasuwar wani gari kusa da mu. Aka haɗa ni da wani gajeren baƙo da ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na sauke garkuwa kamar kullum, shi kuwa bai jira ba, ya sauke mini kara a girar hagu. Na ga wuta ta tarwatse. Duk da haka na kashe shi a turmi na biyu, wato zagaye na biyu, aka ɗaga ni sama, na koma gida da rago. Washegari sai na fara ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabana kamar ƙudaje, in na juya ido su biyo ni. Wani lokaci in ga walƙiya ta gefe, rana tsaka, babu hadari. Ban gaya wa kowa ba. Na rambaɗa kwalli, na ce zai wuce.

A zuciyata na san bai kamata in sake shiga fage ba sai abin ya lafa. Shi ya sa bayan kwana shida da aka kira wani damben, na bar karata a gida, na tafi kallo kawai. Na sami bayan mutane na zauna bayan La'asar, na ja hula. Amma makaɗinmu, wani mai suna Tanko, idonsa kamar na shaho. Yana hango ni sai ya sauya kiɗa, ya kama takena. Ya matso yana bugawa har gabana, mutane suka dare, kowa ya juyo.

Kai ba za ka san nauyin wannan ba, don a nan ka tashi. A can, ɗan damben da aka buga wa takensa ya ci gaba da zama, ya gama yawo. Ba shi kaɗai ba, har gidansu. Za a yi ta maganar a mahauta, a bakin rijiya, a gidan surukansa in yana da su. Ban san lokacin da na miƙe ba. Wani ya kwance karar hannunsa aka naɗa mini. A turmin farko bugu ya sake sauka a wuri ɗaya, sai na ga kamar an jawo baƙin labule daga gefen idon. Ban faɗi ba. Aka raba mu babu kisa, aka yi ta yabona. Cikin 'yan kwanaki labulen ya gama rufewa, kuma har yau bai buɗe ba.

Bayan wata biyu na haɗu da Tanko a hanyar kasuwa. Na tare shi da zafi na ce, "Ka ga abin da ka jawo mini?" Ya dubi idon, ya girgiza kai, ya ce, "Allah Shi sawwaƙe. Amma ni kiɗi niy yi, Isa. Kai kat tashi." Na so in shaƙe shi, sai dai gaskiya ya faɗa. Cikin makon da muka haɗu aka ce mini yana can yana buga wa wani sabon yaro take. Kai ma kana da naka makaɗan, Basiru, ko da ba su rataya kalangu ba. Abokanka na nadi ne, da masu tura hotonka a waya suna rubuta ya baɗal, wato jarumi. Ba mugaye ba ne, suna son ka. Amma ranar da ido ya tafi, za su ce Allah Ya sawwaƙe, su juya ga wani.

Daga nan dambe ya ƙare mini, zaman garin ma ya fita daga raina. Na sayar da abin da nake da shi na zo aikin Hajji, ban koma ba. Shekaru na yi ina laɓe-laɓe babu takarda, ko ƙofar asibiti ba na yarda in bi. Sai bayan da Allah Ya sa na sami iƙama, takardar izinin zama, na je wurin likitan ido. Ya haska, ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni yaushe abin ya faru. Da na faɗa masa, sai ya ajiye fitilarsa ya ce, "Ya Hajji, wannan fatar cikin ido ce ta yage, sannan ta ɓanɓare. Da a kwanakin farko ka je asibiti, lokacin da kake ganin ɗigon nan, da an like ta." Na fito na zauna a bakin titi har aka kira Azahar. Kwana shida Allah Ya ba ni tsakanin bugun farko da na biyu, ga mota tana zuwa birni duk ranar kasuwa, na ɓata su ina shafa kwalli.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa kai na yi wa. Ka tuna ranar da na ga safar dambe a jakarka ta makaranta? Na ɗauko wuƙar aiki na yanka ta gida-gida a gabanka, na watsa a kwandon shara, ban ce maka uffan ba. Kana kuka kana tambayata, "Lesh ya Baba? Me na yi?" Na ce in ka sake tambaya sai na ɓata maka rai. Da na zaunar da kai a ranar na nuna maka idon na faɗa maka gaskiya, da wataƙila ka bari, ko kuma ka yi dambenka da hankali a gabana. Sai na zaɓi in tsare girmana. Abin da ka koya a wurina shi ne ɓoyo. Ka shekara uku kana zuwa nadi a Aziziyya kana ce mini shagon kawunka kake taya tsaro. Don haka da ka ce mini ma fi shai ranar Talata, ban ji haushinka ba, kunyar kaina na ji. Ka yafe mini wannan safar.

Jiya bayan La'asar na faɗa wa Ummanku labarin idon, ina jiran ta yi fushi. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Abu Basiru, tun kafin a ɗaura mana aure yayana ya bincika ya gaya mini. Jira nake in ga ranar da za ka gaji da simintin nan." Ka ga irin matar da na yi shekaru ina yi wa wayo.

Yanzu bari in zo kan kocinka, ɗan Ajantina. Ka san ban so haɗuwa da shi ba. Na ce me ya haɗa ni da mutumin da ya taso daga ƙarshen duniya zai ɗauke mini ɗa? Da yake ba Musulmi ba ne, ba shi da ikon shiga Makka, sai muka same shi a wata istiraha, wurin hutun matafiya da ke hanyar Jidda, bayan shingen Shumaisi, ni da kai da Hadiza. Na zata zan ga ƙato, wanda ya taɓa riƙe kambun duniya. Sai ga ɗan dattijo, bai kai ni tsawo ba, hanci a baje, yana rungume da ɗan ƙoƙo mai tsinken ƙarfe yana zuƙar wani ganye. Ya miƙo mini, na kurɓa don kada in ba shi kunya. Basiru, ko maɗaci bai kai abin nan ba. Ya ga fuskata ya fashe da dariya, ni ma na yi.

Yana magana da ɗan Turancinsa kana fassara mini. Na lura in ya yi dogon zance, kai sai ka ba ni kalma uku. Da muka iso gida na sa Hadiza ta cike mini abin da ka tsallake, tunda aikin asibiti ya buɗe mata kunne da Turanci. Ka fassara mini cewa ubansa mahauci ne a wata babbar mayanka a bayan garinsu, kuma shi ma da ɗaukar cinyoyin shanu a kafaɗa ya yi ƙarfi. Wannan ya yi mini daɗi, na ce ashe ɗan gida ne. Ka fassara mini yadda ya buge duk na ƙasarsu, ya bi mai riƙe da kambun duniya har garinsa, babu wanda ya ba shi ko kwabo, ya kayar da shi a gaban mutanensa. Ka faɗa mini yadda ya kare kambun nan sau da dama, har yara a unguwarsu suna aske kai irin nasa. Duk wannan ka faɗa, bakinka har kunne.

Ga abin da ka haɗiye. Bayan an karɓe kambun, likita ya ce masa ya isa haka, ya kuma ajiye. Yana zaune lafiya da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Wata rana ya je kallon ƙwallo, aka nuna fuskarsa a babban allo, filin gaba ɗaya ya ɗauki sunansa da waƙa. Ya ce daga filin nan bai wuce gida ba, wurin horo ya nufa. Ya koma ya kara da wani saurayi, ya sha bugun da bai taɓa sha ba. Mai kula da shi ya ɗaga tawul zai jefa don a tsayar da damben, shi kuma ya daka masa tsawa ya ce kada ya kuskura. Tun daga ranar kunnensa ɗaya ya mutu, hannunsa na dama kuma yake rawa. Shi ya sa yake riƙe ƙoƙon nan da hannu biyu. Ya ce kambun yana cikin akwati a gidan 'yarsa, ita ce ma take ɗaure masa maɓallin riga in yana gida.

Akwai kuma abin da ba ka gani ba. Lokacin da ka tashi sayo ruwa, ya ƙura mini ido, ya nuna idona na hagu, ya dunƙule hannu ya ɗora a girarsa, yana tambayata da ka. Mutumin da bai taɓa ganina ba, bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, ya gane abin da na ɓoye muku tun kuna ciki. Na gyaɗa masa kai. Sai ya kama hannuna ya ce wa Hadiza ta gaya mini, shi ba ya roƙon yaro izini kafin ya jefa tawul. A nan na yarda ka bi shi.

Saboda haka ban hana ka dambe ba, kuma ba zan hana ka ba. Na ga yadda kake tashi gudu bayan Asuba, na ga ka bar cin shinkafar kabsa ta Ummanku saboda awon nauyi, abin da ban zata ɗan Adam zai iya ba. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ko kana tsakiyar horo. Kada ka raina abokin karawa don gajarta ko don shiru-shiru. In ka kayar da mutum, ka je ka ɗaga shi, shi ma ɗan wani ne. Iƙamarka kada ta rabu da aljihunka. Duk takardar da aka ba ka ka sa hannu, ka turo wa yayarka ta karanta tukuna. Ka riƙa kiran Ummanku ranar Juma'a, kuma ka yi mata Hausa, ko da za ta yi maka dariya.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Na yi niyyar in ce maka ka je da kanka ka gaya wa kocinka halin da idonka yake ciki. Har na rubuta haka, na soke. Na tuna ni ma ban tafi dambe ranar nan ba, kallo na je yi, da kyakkyawar niyya. Na san za ka karanta wannan takarda hawaye su zo maka, ka ce gobe za ka faɗa. Gobe kuma ka ga fage, ka ga sunanka a jikin bango, ka ce bari a gama wannan ɗaya tukuna. Jinina ne a jikinka, na san inda yake kai mutum.

Don haka ban bar maka zaɓi ba. Yau da safe na sa Hadiza ta kira shi, na faɗa masa duk abin da na gani, ta fassara kalma da kalma, ba irin fassararka ba. Ya ce ya gode. In ka sauka a Jidda, shi zai tare ka da kansa, kuma ba masauki zai kai ka ba, wurin likitan ido za ku wuce. Ba za ka sa safa ba sai likita ya yarda. Mai yiwuwa a ce ba komai, ka yi dambenka. Mai yiwuwa a like wurin, a ɗaga damben zuwa wani lokaci. Mai yiwuwa kuma a ce maka ka bar shi har abada. Na san wannan tun kafin in sa a kira, na kuma san shekarun da ka zuba a ciki. Kada ka ga laifin yayarka, ni na sa ta.

Za ka yi fushi da ni, kuma kana da gaskiyar yin fushi. In ka ga dama kada ka ɗauki wayata wata guda, ko shekara, zan jure. In ka dawo Makka ka tsaya a bakin ƙofa ka harare ni yadda ranka yake so. Ni dai da ido biyu nake so ka harare ni.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa a tarar abin da sauƙi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya yi maka zaɓin da ya fi wanda kake so da wanda nake so. Na yafe maka duniya da lahira. Ummanku da Hadiza suna gaishe ka, gobe in sha Allah zan yi maka ɗawafi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa Mahauci.